Ƙanzon Tukunyar Inna

A ƙarshen damina, shekara huɗu bayan Dahomey ta sami 'yancin kai, aka ɗora ni a kan huhunan goro a bayan wata babbar mota mai zuwa Parakou daga Djougou, za a sa ni lekol, wato makarantar boko. Direba har ya tayar da mota kakata Iya ta miƙo hannu ta kama kunnena, ta ce, "Rakiya, kada ki kunyata ni a gidan mutane." Gidan mutanen nan kuwa gidan uwar da ta haife ni ne.

Ni ce 'yar fari, tun da aka yaye ni Iya, mahaifiyar Babana, ta ɗauke ni. A hannunta na koyi ɗebo ruwa a rijiya da yayyafa wa goro ruwa don kada ya bushe, in na gama in ruga carafke a ƙofar gida. Iya mace ce mai wasa, amma a kan kunya ba ta da sauƙi, har ma'auni gare ta. In muka je ziyara aka kawo tuwo, da mun tsame hannu sai ta jawo akushin ta auna ragowar da yatsunta. Yaron da ya bar kaurin yatsa uku ɗan mutunci ne. Mai yatsa ɗaya yana bukatar gyara. Wanda ya suɗe tas kuwa, cewa take iyayensa ma a bincika. A gida ina ci kamar fara, amma a waje ban taɓa faɗuwa awon Iya ba, kuma ina alfahari da haka.

A gidan iyayena, a unguwar Guéma ta Parakou, na tarar da wata tarbiyya dabam. Inna, mahaifiyata, da surutu da dariya take renon ƙannena, suna hawa bayanta tana bin su da muciya, kuma dokarta ita ce ba mai tashi sai ya cinye. Ni kaɗai ce ba ta yi wa faɗa, ba ta kuma kiran sunana, saboda kunyar 'yar fari. Sai dai ta dubi bango ta ce a miƙa wa waccan abincinta. Ni kuma da na ga an zubo min a kwano na dabam, har da murfi, sai na ce lallai baƙuwa ce ni, na ci kaɗan na bar yatsa uku.

Wallahi na sha yunwa. A aji baƙaƙen da malami ke rubutawa rawa suke min a ido. Inna ta lura, ta ƙara yawan tuwon, ni kuwa na ɗauka gwada ni ake yi, sai na ƙara yawan ragowar. Ta aiko ƙanena ya tambaye ni ko gishiri ne ya yi yawa, na ce a'a, abinci ya yi daɗi, na ƙoshi. Haka muka yi ta yi, ita ba ta iya cewa in ci, ni ban iya cewa a ƙara min ba. Na rame har zane ya fara kwance min. Abin da ya fi yunwar ciwo shi ne na yarda a raina cewa ba ta sona. Ranar da na ji Baba yana cewa tunda garin bai karɓe ni ba gara a mayar da ni Djougou, na shiga bayan ɗaki na yi kuka, don na san in na koma, lekol ta ƙare, kuma a gidan nan baƙuwa zan zama har abada.

Washegari da la'asar na dawo, Inna tana tsintar shinkafa a faifai. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Tukunyar can ba za ta kankare kanta ba. Ƙanzo aikin 'yar gida ne, ba a ba baƙo."

Na ja tukunyar zuwa gindin mangwaro na buɗe. Ashe ba ƙanzo ba ne kawai, shinkafa da wake ne kusan rabin tukunya, da zafinsu, an binne soyayyen wagashi a ƙasa, cukun nan na Fulani da nake so. Na tsaya ina tunani: Iya ba ta taɓa auna tukunya ba. Na sa cokali na ci, na kankare har ƙarfen yana ƙara. Inna ta juya min baya tana ta tsintar shinkafar da ta riga ta tsince, kafaɗunta suna motsi, ban san ko dariya take ko kuka ba. Daga ranar kankarar tukunya ta zama aikina, maganar komawa Djougou kuma ba a sake ta da ita ba. Da Iya ta zo da salla ta gan ni kumatu sun fito, na ba ta labari ina ɗar-ɗar, sai ta taɓe baki ta ce, "Tukunya ba ta cikin awo."

Yau 'ya'yana suna kiran 'ya'yansu na fari da sunansu gatsal, suna rungume su a gaban kowa, har a tsakiyar kasuwar Arzèkè, kuma ban ga laifinsu ba, wani lokaci ma sha'awa suke ba ni. Inna ta rasu ban taɓa jin "Rakiya" a bakinta ba. Amma har gobe a gidana ba mai kankare tukunya sai ni, jikokina suna ta yi min tsiya wai tsohuwa da kwaɗayin ƙanzo. Ba su sani ba, duk sanda cokali ya yi ƙara a gindin tukunya, sunana nake ji.