Yadda Ƙashi Ya Koma Ɗakinsa

Shekarata goma sha uku daminar da na zame a bakin famfo da daron ruwa a kaina. Na kai hannun dama in tare ƙasa, sai na ji wani abu ya goce a kafaɗata. Da na iso gida hannun yana rataye kamar na aro, yatsun kuma sun fara mutuwa. Babanmu yana hanyar garin Paraku da mota, ruwa ya shafe titunan unguwarmu ta Zongo har gwiwa, babu mai kai ni asibiti a ranar.

Kakarmu Hansatu maɗoriya ce, kuma 'yar mahauta, ta san cikin rago kamar tafin hannunta. Amma lokacin mulkin juyin juya hali ne, ana farautar bokaye da mayu, kuma 'yan komite, masu sa ido na gwamnati a unguwa, ba su bambanta mai ɗori da mai tsafi. Sun riga sun tafi da wata tsohuwa daga bayan masallaci, ba mu sake ganinta ba. Delegen unguwa, wato shugabansu, da kansa ya gargaɗi Kaka cewa ranar da ta sake taɓa wani, ranar za ta kwana a hannunsu. Rumfarsu kuwa jingine take da katangarmu, muna jin rediyonsu har da tarinsu. Kowa a gidan ya san idan na yi ihu za su shigo.

Bayan magariba Kaka ta sa aka hura gawayi a baranda, aka tara ƙannena kamar kullum, ni kuma aka kwantar da ni a tabarma kusa da ƙafarta. Zuciyata tana bugawa har cikin kunnena. Inna ta naɗe ɗankwali za ta cusa mini a baki, Kaka ta buge hannunta.

"Ajiye wannan, Rabi. Ki toshe mata numfashi, da me zan yi aiki?"

"Iya, in ta yi ƙara fa?"

"In ta yi, ta yi."

Sai ta ɗaga murya yadda na bayan katanga za su ji. "Ga wata tatsuniya nan tafe, yau mai kwance ce za ta tarbe ta." Da kyar na ce ta zo mu ji.

Ta ce wai a wani gari akwai Ƙashi, mai ɗaki ɗan madaidaici, ba ya kwana ko'ina sai nan. Rannan aka yi girgiza ya faɗo waje. Makaɗin garin, Zuciya, ya ga haka ya hau kiɗan yaƙi. Masu gadin ƙofa su ne Tsoka, ƙarti marasa tunani, da jin ganga sai su ɗaure ƙofa tamau. Ƙashi na waje yana kuka, su kuwa ƙara ƙanƙamewa suke, wai taimakonsa suke yi. Aka yi ja, aka yi turi, ƙofa ta ƙi.

Tana magana hannunta yana kan gwiwar hannuna, ta lanƙwasa shi, tana ja kaɗan-kaɗan. Zafi ya taso mini har maƙogwaro. A daidai lokacin rediyon rumfa ya yi shiru, wani daga bayan katanga ya ce, "Tsohuwa, lafiya gidan?"

"Lafiya lau, kamarad, tatsuniya muke," in ji Kaka, ko gezau. Ta dube ni. "To, wa Zuciya ke jin maganarsa? Maƙwabcinsa kaɗai, Huhu maƙeri, mai zuga-zugi biyu. In ya zuga da sauri, ganga ta haukace. In ya zuga a hankali, makaɗi ya ji kunya ya sassauta. Ke Balki, nuna wa yaran nan yadda maƙeri ke yi. Cika ciki. Yanzu hura, kamar kina fifita kunu, kada ki zubar."

Na hura. Ƙannena suka kama hurawa tare da ni, suna zaton wasa ne. Sau biyar, sau goma, ban sani ba. Na dai ji gangar kunnena tana ja da baya, kafaɗata da ta yi tauri kamar icce ta fara laushi. Kaka tana juya hannun waje a hankali, tana cewa masu gadi sun fara hamma, ɗaya ya ajiye sanda, ɗaya ya jingina da bango. Sai na ji ƙwas a ciki, zafin ya sauka gaba ɗaya. Abin da ya fito daga bakina iska ce kawai.

"Ƙashi ya shige ɗakinsa," in ji Kaka. "Ƙurungus kan ɓera, kowa ya je ya kwanta." Ta ɗauki butar alwala ta tashi.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin jarumtata, ni ce yarinyar da ba ta yi ihu ba. Sai da na haifi tawa 'yar na dawo kan ɗankwalin. Da Kaka ta bar Inna ta toshe bakina, ta finciki hannun da ƙarfi, da ita ta tsira ko ta halin ƙaƙa, ko da ni na tashi da shanyayyen hannu. Ta san haka sarai, amma ta bar bakina a buɗe, 'yan komite na zaune taku uku daga inda muke. Har ta rasu ban taɓa ce mata na gode ba, abin yana cina har yau. Da hannun nan na dama nake wannan rubutu.