Tsintuwar Yaya a Muzdalifa

Sana'ata sayen tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki, waɗanda a nan Makka muke kira mukayyif, in gyara in sayar. Shagona yana unguwar Tandabawi, a ƙasan wani tsohon bene. Ban gaje shi ba, ba kuma wanda ya ba ni jari. Da mukayyif ɗaya na fara, wanda na saɓo a kafaɗa daga wani gida da za a rushe. Shi ya sa in na ga kaya, abu biyu nake tambaya: me yake yi, wa zai saya. Kayan da ba su da amsa ba sa kwana a shagona. Abu ɗaya ne ya taɓa karya wannan doka, shi ma don yayana ne ya kawo shi.

Yaya shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da aka rushe layinsu a Nakkasa, ya koma wani ɗaki can nesa da mutanen da ya saba da su, sai bakin shagona ya zama wurin zamansa. Na saya masa kujera, yana wuni a nan yana gaisawa da masu wucewa, ni kuma ina jin daɗin ganinsa. Lokacin Hajji yakan samu aikin tsare layin motocin alhazai a Muzdalifa.

Wata shekara, bayan alhazai sun watse, ya dawo da wani abu a bayan motar wani abokinsa. Falle ne baƙi ƙirin, ba ya sheƙi, girmansa ya kai rabin ƙyauren ɗaki. Gefensa a karkace yake kamar da gangan aka yanka shi haka. Ba shi da nauyi, maganaɗisu ba ya kama shi, babu rubutu ko ɗaya a jikinsa. Ya ce a bayan wasu duwatsu ya same shi.

Na jujjuya shi na ce, "Murfin mukayyif ne na saman bas."

"Ka tabbata, Auta?"

Ban tabbata ba. Na kai shi wurin wani mai fasa tsofaffin motoci, muka gwada a kan duk murfin da yake da shi, bai hau ko ɗaya ba. Na dawo na faɗa wa Yaya yadda aka yi. Ya yi murmushi irin na wanda aka tabbatar masa da abin da ya riga ya sani.

Ashe ya daɗe yana kallon wasu hotuna masu motsi a wayarsa, na jiragen yaƙi da aka ce manyan ƙasashe suna ƙerawa a ɓoye. Aka ce na'urar hango jirgi ba ta ganinsu, saboda an shafe su da wani baƙin abu kuma an yanka jikinsu kusurwa-kusurwa. Aka ce a hamada ake gwada su, inda babu kowa. Aka ce wasu ko matuƙi babu a ciki. Komai dai an ce. Sai ga wani direba cikin abokan aikinsa ya rantse cewa ranar Arfa ya ji ruri a sama, ya ɗaga kai bai ga komai ba.

Na ce, "Yaya, ranar Arfa jirage masu saukar ungulu wuni suke yi suna yawo. Kuma mutumin nan ko motar da ke gabansa ba ya gani sosai."

"To kai da ka san komai, mene ne wannan?"

"Ban sani ba."

"Shi ke nan. Ka ce ba ka sani ba, ka yi shiru."

Da a nan abin ya tsaya, da na jingine fallen a bayan shago har ya manta da shi. Amma sai wani ɗalibi ɗan Sakkwato, mai karatun fiƙihu, ya zo neman mukayyif mai sauƙi. Ina ɗaure masa kaya, Yaya ya ja shi gefe ya yi masa tambaya a kan tsintuwa. Ɗalibin ya amsa da natsuwa, ba laifinsa. Ya ce tsintuwar cikin Harami ba kamar ta sauran wurare ba ce, ba ta zama ta wanda ya tsinta komai daɗewa. Wanda ya ɗauka, sai dai ya yi ta cigiya har mai ita ya zo. Muzdalifa kuwa cikin iyakar Harami take. Ya ƙara da cewa mai cigiya yana faɗin irin abin ne kawai, ba ya bayyana siffarsa, don mai shi na gaskiya ya zo ya siffanta da bakinsa.

"Baba, da ka bar shi a inda yake da ya fi maka sauƙi," in ji shi. "Amma tunda ka ɗauka, ya zama amana."

Ya ɗauki mukayyif ɗinsa ya tafi, ya bar ni da amana.

Washegari Yaya ya zo da bargo ya lulluɓe fallen, ya jingine shi a ciki daidai inda ake hange daga titi. Bayan sallar la'asar ya tsaya a ƙofar masallacin layinmu, ya ɗaga murya, da Hausa sannan da Larabci: wanda ya yar da ɓangaren jirgin sama a Muzdalifa, ya zo shagon mai mukayyif ya siffanta kayansa ya karɓa. Ina cikin sahun masu fitowa. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

A hanya na ce masa, "Yaya, me ya sa ba ka ce falle ba kawai? Me ya kawo jirgi?"

"An ce a faɗi irin abin. Ƙarya kake so in yi a ƙofar masallaci?"

"To duba. In maganarka gaskiya ce, masu wannan abu ba irin waɗanda ake yi wa cigiya ba ne, kuma ba ma so su san layinmu. In kuma ba gaskiya ba ce, mun zama abin dariya a banza. Ta wane ɓangare muka ci?"

"Kai komai ci da riba. Wannan maganar Allah ce."

Da ya faɗi haka na san ƙofa ta rufe. A gidanmu ƙane ba ya ɗaga wa wa murya, balle a kan titi.

Abin da aka lulluɓe ya fi wanda aka buɗe jan mutane, wannan duk ɗan kasuwa ya sani. Kafin mako ya zagayo, bakin shagona ya zama majalisa. Tsofaffin maƙwabtan Yaya na Nakkasa, waɗanda rushewar ta tarwatsa, suka samu wurin haɗuwa. Wani ya ce na Amurka ne, wani ya ce na Sin ne, wani ya ce ai irin waɗannan jirage a ƙarƙashin dutse ake ajiye su. Samari haihuwar nan, waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, suna zuwa su ɗauki hoton bargo. Wasu don tsokana sukan ce nasu ne.

"Siffanta," Yaya zai ce, fuska a ɗaure.

"Fari ne, ya ammi, kawuna, yana da taga," wani saurayi zai ce da Larabci.

"Ba naka ba ne. Allah ya haɗa ka da naka."

A yi dariya, a sake zuba shayi. Mai son mukayyif kuwa ya leƙo, ya ga taro, ya wuce shagon gaba. Kuma cikin masu zaman akwai waɗanda na san takardar zamansu ta daɗe da mutuwa. Taro irin wannan, ana ambaton soja da sirri da babbar murya, ba abin da mai hankali zai so a ƙofarsa ba ne.

Mai gidan da nake haya dattijo ne, jikan alhazan da suka zo da ƙafa, a nan aka haifi ubansa ma. Ya aiko aka kira ni sama. Bai ba ni wurin zama ba.

"Ya waladi, ɗana, na ba ka wuri don mukayyif, ba don jirgi ba. Ni ban san mene ne a cikin bargon nan ba, ba na kuma son in sani. Hayarka ta kusa ƙarewa. In abin nan yana ƙarƙashin gidana, ba zan sabunta ba. Halas, magana ta ƙare."

Wuri irin wannan a Tandabawi, in ka fita ba ka dawowa. Duk masu sayayyata nan suka san ni.

Na nemo ɗalibin nan na ce ya warware abin da ya ɗaura. Ya ce akwai mafita: a miƙa tsintuwar ga hukumar da ke karɓar kayan da aka tsinta, nauyi ya sauka. Da ƙyar Yaya ya yarda. Muka sa fallen a motata da hantsi muka tafi. Ma'aikacin da muka samu mutumin kirki ne. Ya ɗaga bargon, ya duba, ya tambaya mene ne.

Yaya ya ce, "Ai ku za ku faɗa mana."

Na taka masa ƙafa. Na ce falle ne aka tsinta a Muzdalifa. Mutumin ya ce su jaka suke karɓa, da waya, da fasfo, da agogo, abin da alhaji zai dawo nema. Ba su da wurin ajiye irin wannan. Ya yi mana addu'a, ya kira na bayanmu.

A mota Yaya ya juyo, idonsa na ƙyalli. "Ka lura ko taɓa shi bai yi ba? An riga an gaya musu."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Da an karɓa, zai ce sun gane kayansu. Da aka ƙi, ya ce an gargaɗe su. Babu abin da zai faru a duniya wanda ba zai zama shaida a wurinsa ba. Ni kuma ba ni da abin da zan ajiye a gabansa in ce ga gaskiyar, domin har yau ban san mene ne fallen nan ba.

Na bari sai da safe, kafin kowa ya zo, muna mu biyu. Na durƙusa a gefen kujerarsa kamar yadda nake yi tun ina yaro.

"Yaya, mai gida ya yanke magana. Abin nan ba zai ƙara kwana a shago ba. Ka kai shi ɗakinka, ka ci gaba da cigiyarka a can. Kai kuma wurinka yana nan."

Ya amsa yana kallon titi.

"Na gaya wa mutane su zo shagon mai mukayyif."

"Sai ka gaya musu an canza wuri."

"Korata kake yi ke nan."

"Falle nake kora."

"To ai a wuyana yake."

Na ce bari in kawo mota. Ya ce a'a. Ya gyara bargon, ya ɗora abin a ka, tsoho mai ciwon gwiwa, ya bi layi a hankali. Masu buɗe shaguna suna kallonsa, suna kallona.

Mai gida ya sabunta haya. Taro ya watse, masu sayayya suka dawo. Yaya bai dawo ba. Ya koma yin cigiya a masallacin unguwarsu, duk Juma'a. Nakan je in gaishe shi, ya karɓe ni kamar baƙon da ake girmamawa, ya tambayi kasuwa, ya tambayi iyali. Ba ya kirana Auta a yanzu, sai Alhaji.

Zuwana na baya-bayan nan na ce masa, "Yaya, ka kulle shi a ɗaki mana, ka zo mu wuni. Ko sau ɗaya a mako."

Ya ce, "In mai shi ya zo bai same ni ba fa?"

Na yi masa sallama, na koma na buɗe shago.