Ranar da Muka Kwashe Ruwa a Cikin Tsohon Jirgin Fito

Cikin duk abubuwan da suka same ni tun da na baro Kumasi na zo New York, akwai guda da har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba, shi ne yadda muka ceto wani tsohon jirgin fito daga hannun 'yan gwangwan.

A lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wadda aka ba ni wata Baturiya ce a unguwar Tompkinsville, shekarunta sun haura tamanin, mantuwa ta fara cin ƙarfinta. Mama nake ce mata. Sai ta manta ko ta ci abinci, amma ba ta taɓa manta jirgin da ta sayar da shayi a cikinsa tana budurwa, sabuwar zuwa ƙasar ba. Da ta dame ni da maganarsa, sai na tura ta a kekenta muka gangara bakin ruwa.

Abin da na gani ya ba ni tausayi. Jirgin na ɗaure a gefe, tsatsa ta cinye shi, tsuntsaye sun mayar da shi gidansu. A kansa akwai wasu dattawa Turawa da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, suna kankarar ƙarfe. Shugabansu, wani tsohon matuƙi mai farin gemu, ya gaya mini cewa masu wurin sun ba su zuwa ƙarshen lokacin zafi. In masu duba jirage suka zo ba su gamsu ba, za a ja shi a yanka. Ya ce kayan aiki suna da su, hannu ne babu. Mama kuwa tana ta shafa jikin jirgin tana hawaye.

Da na kai wa maigidana maganar, dariya ya yi, ya ce ni da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba. Amma shi ne ya kai zancen wurin limaminmu, Malam kuma ya sanar bayan sallar Juma'a. Wasu suka ce sun zo neman abinci ne, ba wankin ƙarfen Turawa ba. Ban ga laifinsu ba, don na san yadda mutum ke dawowa daga aiki ƙafafu a kumbure. Duk da haka ran Lahadi mutane suka fito: direbobin da ke jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK, 'yan Nijar masu kasa kaya a titin Canal Street, da mata 'yan'uwana masu irin aikina. Muka kankare tsatsa, muka shafa fenti, kafintocinmu suka tayar da bencuna. Ni ce mai kawo tukunyar waakye, wato shinkafa da wake irin tamu ta Kumasi, har dattawan nan suka koyi cin shito, yajinmu na gida, suna share gumi.

Sai azumi ya kama, ana saura kaɗan masu dubawa su zo. Wata Asabar aka wuni ana zabga ruwan sama. Da muka iso da hantsi ran Lahadi, muka tarar jirgin ya karkata. Ruwa ya bi ta wata kafa a rufi ya cika ɗakin inji, famfon da ke zuƙe shi kuma ya mutu. An aika neman wani, amma sai bayan la'asar zai iso. Tsohon matuƙin ya zauna a kan matakala ya riƙe kai. Ya ce in ruwan ya kai ga wayoyin lantarkin da aka sabunta, aikin wata da watanni ya tafi, mu koma gida kawai, ya san muna azumi.

Wani ɗan Maradi mai sayar da jakunkuna, wanda ba ya yawan magana, ya dube ni ya ce, "Hajiya, bokitan fenti nawa muke da su?"

Haka muka jeru tun daga ƙasan jirgin har bakin bene, bokiti na bin hannu. Ruwan baƙi ne, yana warin mai, ga zafi kamar cikin tanda. Na ɗaure mayafina a ƙugu, a damana maigidana, a haguna wata malamar makaranta Baturiya da ta yi ritaya. Ana jin Hausar Kano da ta Zangon Kumasi da Faransanci da Turanci duk a layi ɗaya, kowa na cewa a miƙo. Na lura Turawan nan sun daina shan ruwa a gabanmu. Da na ce wa malamar ta sha abinta, sai ta ce in ni zan iya, ita ma za ta jira.

Da azahar ta yi muka rarrabu, rabi na salla rabi na kan layi. Muna gardamar inda gabas take, sai tsohon matuƙin ya hau ɗakin tuƙi, ya duba na'urarsa, ya sauko ya nuna mana alƙibla da hannunsa. Yanzu in na tuna, ban san inda muka samo ƙarfin ba. Maƙogwarona ya bushe, hannuwana sun yi kanta sun fashe. Amma lokacin da sabon famfon ya iso, ruwan bai kai ga wayoyin ba.

Masu dubawa suka zo, suka zagaya, suka amince. Jirgin ba zai sake ɗaukar fasinja ba, an bar shi a wurin don jama'a su riƙa shiga suna gani. Ranar buɗewa wani ƙaramin jirgi ya ja shi muka ɗan zaga cikin ruwa, mu duka da iyalanmu. Na zaunar da Mama a benci. Ran nan ba ta ma gane ni ba, amma da aka busa ƙahon jirgin sai ta miƙe zaune, ta gyara gashinta, ta ce mini, "Yarinya, yi sauri, mutane za su so shayi." Tsohon matuƙin ya juya baya yana goge ido. Ba ta ƙara ganin wani lokacin zafi ba, ta rasu a cikin sanyin shekarar.

Har yau in na bi ta bakin ruwan nakan tsaya in dubi bangon da na shafa wa fenti, in ji kaina ya yi girma. Na yi shekaru a garin nan ina zaman baƙuwa, daga aiki sai gida, ina jiran ranar komawa. Abin da jirgin nan ya koya mini shi ne, duk inda Allah ya ajiye mutum, kada ya jira sai an kira shi kafin ya sa hannu a abin alheri. Gumin da ka zuba a wuri shi ke ba ka bakin cewa kai ma ɗan gari ne.