Ranar da Kaka Ta Yanka Zaren Buji

A gidanmu na unguwar Briqueterie, idan an idar da magariba Kaka Hadiza takan fito da murhun gawayi bakin ɗakinta, ta jera masara da safu, wani ɗan itace mai kama da atili, a kan waya, mu jikokinta mu kewaye ta. Damina a Yaoundé ba ta da wuyar sa mutum neman wuta. Tana juya masara tana ba mu tatsuniya, amma wanda muka fi roƙo labari ne na gaske, na ranar da ta gyara injin sare itace, ita da ba ta taɓa riƙe sufana ba.

Kakanmu Malam Hamisu makanike ne na ƙananan injuna, rumfarsa a ƙofar gida. Ya rasu ina goye, saboda haka a bakinta na san shi. Ta ce a shekarunsa na ƙarshe yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ɓoye wa kowa. Da lalube yake aiki, kuma hannunsa ya san ƙarfe har ba wanda ya lura. Ita kaɗai ta gane, don ta ga yana miƙa hannu gefen kofin shayi.

Wata safiya wani ɗan ƙabilar Ewondo mai suna Papa Essomba ya iso daga ƙauye da injin sare itace a buhu. Na hannu ya saya, ya yi kwana uku yana aiki, sai buji, wato fulogi, ya yi tsalle ya fita daga kan silinda. Zaren ramin, wato tsagin da buji ke ɗauruwa a kai, ya cinye. Ya zaga unguwannin Mokolo da Messa, kowa ya ce sai sabuwar silinda, irinta kuwa babu. Ga wata ƙatuwar bishiya da ruwa ya kwance wa saiwa ta karkato kan gidan mahaifiyarsa, tsohuwar ta ce ba inda za ta.

Malam ya shafa ramin da yatsa ya ce zai gyaru. Yana da wani zoben ƙarfe mai zare ciki da waje. Za a faɗaɗa ramin, a yanka sabon zare, a ɗaura zoben, buji ya zauna a cikinsa. Sai dai zoben guda ɗaya ne, ƙarfen silinda kuma mai laushi ne. In ƙarfen yanka zaren, wanda suke kira taro, ya shiga a karkace ko kaɗan, silindar ta tashi aiki.

Kaka ta ce tana zaure tana ɗinkin hula, ta ga ya ɗora taron ya ɗauke, ya sake ɗorawa ya ɗauke. A nan takan rage murya ta kwaikwayi tasa.

"Papa, idona ba ya ganin miƙewar nan. In na murɗa zan ɓata maka. Amma akwai mai ido a gidan nan."

Ya juyo wajen zaure ya ce, "Uwar Sani, ajiye allurar ki zo."

Ta ce ba kiran ne ya sa gabanta faɗuwa ba, abin da ya faɗa a gaban baƙo ne, ga masu shago suna ji. Ta gyara mayafi ta fito. Ya kwance silindar ya ɗaure ta a bais, ƙarfen da ke matse abu a kan teburin aiki, ya shafe taron da giris don ɓarɓashi ya manne kada ya zuba ciki. Ya sa ta durƙusa ta duba ta gaba, ta duba ta gefe, har ta ce ya miƙe. Sannan ya ɗora hannunsa a kan nata. Ta murɗa rabi, ya ce ta koma baya kaɗan. Su zare su goge su sake shafa giris. Shi yana jin nauyin ƙarfen, ita tana tsaron miƙewa. Sau ɗaya ta ce taron ya kauce, ya ce bai ji ba, ta ce ita ta gani, ya saki hannu ya bar ta ta daidaita.

Zoben ya shiga lafiya lau ya zauna daidai da bakin ramin. Malam ya haɗa injin, ya ɗaura buji, Papa Essomba ya ja igiya. A ja na uku ya tashi da ƙarar da ta watsa kajin maƙwabta. Bayan mako guda mutumin ya dawo da kan ayaba da sandunan bobolo, tuwon rogon nan da ake naɗewa a ganye, ya ce bishiya ta faɗi inda aka so. Ya tambayi madam makanike, ita ya miƙa wa. Daga ranar Kaka take zama a rumfa duk aikin da ke son ido, har Malam ya yarda aka kai shi asibiti.

Muna yara, wajen tashin inji muke jira mu yi tafi. Na ɗauka labarin gwanintar Kaka ne kawai. Yanzu ni ma'aikaciyar jinya ce, na fi kowa daɗewa a ɗakin yara. Bara aka kawo jariri da gudawa ta tsotse, na nemi jijiya sau biyu ban samu ba, uwar tana kallona. Na ɗaga allura zan gwada na uku, sai Malam ya faɗo mini a rai, mutumin da ko fuskarsa ban sani ba. Sunan da ya yi shekaru yana ginawa yana rumfar nan, amma ya zaɓi silindar baƙo. Na ce wa uwar ban samu ba, akwai wadda ta fi ni hannu. Na kira Rukayya, wadda ni na koya mata aikin. Ta samu a karo ɗaya, ni kuma na riƙe mata hannun yaron.