Randar Khal ɗin Goggo Hajara

Shekara tara ke nan da rasuwar Goggo Hajara, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni a unguwar Nakkasa, nan ƙasa mai tsarki. Gidan da ta cika a ciki tuni katafila ta share shi, ko gurbin ƙofa ba za ka gane ba. Abin da ya rage a hannuna randarta ce ta khal, ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci, kuma ita ce ta hana ni sakat bana.

Da farin inabin Ɗa'if take yin khal ɗinta, mai ƙamshin nan kamar an fesa wardi. Wasu sukan tace ruwan su zubar da ɓawo. Goggo kuwa murje shi take yi da hannu, ta bar ɓawon ya jiƙu a ciki har ruwan ya rine ya koma ruwan goro. Dokarta ɗaya ce: kafin ta rufe randa sai ta kwarara tsohon khal a kai, don sabon ya zarce tsami, kada ya tsaya a hanya ya zama abin da Allah ya haramta. Haka tsohon yake bin sabo kowace shekara, na bara a cikin na bana.

Yanzu a saman bene nake a unguwar Hindawiyya, gwiwoyina sun ƙi, maƙwabta kuma suna ƙorafin wari. Kwanakin baya ɗana Faisal ya miƙo mini wayarsa. Wasu Turawa ne da kwalabe, suna alfahari da giyar farin inabi da aka jiƙa da ɓawonsa. Launin sak na randarmu.

"Yumma, shufi," in ji shi, wato Inna, duba. "Khalas, ya isa, ki zubar kafin mutane su fara magana."

Na soma yi masa bayanin tsohon khal, amma Hausarsa ta ƙare daidai inda bayanin ya fara, ni kuma ƙarfina ya ƙare. Raina ya ɓaci. Matar da ta mutu tana tsoron haram ko a cokali, yau jikanta ke jin kunyar randarta.

Da tana nan, na san dariya za ta yi, ta ce Turawa sun gaji ne a rabin hanya. Sannan ta juyo kaina, ta tambaye ni yaushe na zama raguwa haka. Na gaji, kuma ban ga wanda zai karɓa daga hannuna ba.

Duk da haka jiya na sa mai tasi ya hawo mini da kwalin inabi. Na zauna na murje, ɓawo da komai. Tsohon khal ɗin saura kaɗan a gindin randa, na juye shi duka a kai, na rufe. Goggo ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba, kabarinta ma ba shi da alama. In wannan ya kama, tana da sauran shekara guda a cikinmu.