Motar Baba Ba Ta Shan Mai

A garinmu idan za a yabi mota ba a farawa da kyanta ko gudunta, cewa ake yi ba ta shan mai. Mahaifina ya daɗe yana faɗin haka a kan tsohuwar motarsa, a bakin masallaci, a wurin ɗaurin aure, har a zaman makoki idan aka yi sakaci hira ta karkata can. Direba ne a ma'aikatar gona har ya yi ritaya, sannan ya sayi tasa, wata fara mai dogon baya wadda tun a lokacin ma ta sha duniya. Duk Juma'a idan an sauko daga masallaci sai ya kama hanyar Roni, ya zarce wani ƙauye ta wajen Gwiwa inda yayarsa take, Gwaggonmu, wadda idonta ya tafi. Ya kai mata goro da sabulu, ya leƙa gonarsa, ya dawo Kazaure kafin magariba. Wannan tafiya ita kaɗai ta rage masa da ba sai ya jira kowa ba.

A shekarar da fetur ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa motar ta fara ciwo. A cikin gari lafiya lau take. Amma da ta fara hawan tudun nan na tsakanin duwatsu, sai ta soma shaƙewa, a taka totur ta yi kamar ba da ita ake ba, ta yi atishawa ta gaba, allurar zafi ta haye sama, sannan ta mutu. Ni ne ɗan da ya rage a gari, ina koyarwa a wata makaranta. Yayana yana Kano, 'yan'uwana mata suna gidajen mazajensu. Don haka duk Juma'a da la'asar wayata ce take ƙara, in hau babur in tafi neman igiya da wanda zai ja mu.

Wata rana Yaya ya zo gida ya tarar ana shigo da ita a ɗaure a bayan motar masu kayan gwari, Baba yana riƙe da sitiyari yana ta zufa. Ya wuce Baba, ni ya ja gefe.

"Ka ji ni da kyau. In ta sake mutuwa da shi a hanya, ka karɓi makullin. Mutum mai hawan jini ba zai dinga tsayuwa a rana yana tura mota ba."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Yaya yana da wannan halin, ya faɗi gaskiya ya hau motarsa ya koma Kano, ya bar ka da ita. Na san idan aka karɓi makullin nan Baba zai zauna a zaure ne kawai ya tsufa a gabanmu. Sai na ɗauki gyaran motar a kaina, idan kuma Yaya ya bugo ya tambaya in ce masa tana nan garau.

Bakaniken da nake kai wa yana ƙarƙashin wata darbejiya a hanyar Daura, mutum ne mai fara'a, sa'ana ne kusan. Da farko 'yan bumburutu muka ɗora wa laifi, masu sayar da mai a galan a bakin titi, don kowa ya san wani lokacin ba a rasa ruwa a ciki. Aka sauke tanki aka wanke. An samu tsatsa da ɗan ruwa, muka yi murna kamar mun kama ɓarawo. Juma'a ta zo, ta mutu a inda ta saba. Aka canza filta, matatar mai. Aka canza famfon mai, wanda na je har Kano na sayo, na ɓuya kada in haɗu da wani ɗan unguwar Yaya. Aka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya daga tanki har injin ana hurawa da baki. Ni da ban san komai a mota ba sai da na iya gane ɗanɗanon fetur mai ruwa.

Abin da ya fi damun bakaniken shi ne filogi, masu ba injin wuta. Duk lokacin da ya kwance su sai ya gan su fari fat.

"Malam, ka ga wannan? Motar da take ƙoshi filoginta ja-ja yake, kamar bayan gurasa. Wannan yunwa take ji. Iska ta yi mata yawa, mai ya yi kaɗan. Amma wallahi ban ga inda abincin yake tsayawa ba."

Ya tayar da ita ya bi gefen injin yana ɗiga fetur yana kasa kunne, wai idan akwai inda take zuƙar iska a ɓoye sautin zai canza. Bai canza ba. Ya kwance kafireto, wato inda mai da iska suke haɗuwa kafin su shiga injin, ya wanke, ya ɗaga 'yan ƙananan ƙofofin man ya hango rana ta cikinsu. Muka hau muka je har tudun, ta haye ba ko tari. Na mayar wa Baba, ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Juma'a da la'asar wayata ta yi ƙara.

Labarin iskar nan ya kai kunnen Gwaggo, ita kuma iska ɗaya ta sani. Ta aiko da ƙullin turare ta ce a yi wa motar hayaƙi, don dama wannan tudun tun suna yara ba a bin sa da tsakar rana. Kowa a gidan ya yi dariya ban da Baba. Ya karɓi ƙullin ya sa a aljihu ya tashi.

Na gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. Na daina sa ran hutun Juma'a. Matata ta daina tambayata ko zan ci abinci a gida. Akwai ranakun da ina kan babur ina tafiya ɗauko shi nake cewa a raina, da ma injin ya buga gaba ɗaya kowa ya huta. Sai in isa in tarar da shi tsaye a gefen titi ya buɗe bonet yana gyara hularsa, yana yi wa masu wucewa murmushi kamar da gangan ya tsaya, sai kuma in ji kunyar abin da na raya.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ban taɓa sa wa ido ba. Duk ranar da aka jawo motar, ba ya yarda a wuce da ita gareji. "A kai ta gida ta huce," yake cewa, "gobe ka kai." Na ɗauka irin tsarin tsofaffin direbobi ne, ba a musu da su a kan mota.

Ranar da abin ya fito a tsakiyar bazara ne. Ba Baba ne ya bugo ba, wani ɗan acaba ne ya kira ni da wayarsa, ya ce in zo, dattijon nan ba ya jin daɗi. Na tarar da shi zaune a ƙasa ya jingina da taya, a ɗan inuwar da motar ta yi, ya cire babbar rigarsa, leɓensa ya bushe. Na ba shi ruwa, na roƙi ɗan acaban ya bi da shi asibiti a auna shi sannan ya kai shi gida. Yana hawa yana cewa a kai ta gida ta huce, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na ce to, Baba. Da suka ɓace na sa aka ja ta kai tsaye zuwa ƙarƙashin darbejiya.

Bakaniken ya kwance kafireton yana mita, don ya ce ya kwance shi har ya haddace. Sai na ga ya matso da shi kusa da idonsa. Ya sa tsinke ya zaro wani abu daga babbar ƙofar man, ya ɗora a tafin hannunsa. Silin waya ne ja, siriri, irin wanda ake zarowa daga cikin wayar lantarki, an lanƙwasa kansa da kyau don kada ya zame.

"Wannan ba datti ba ne, Malam. Hannu ne ya sa shi, kuma hannun da ya iya."

Ya ce dabara ce ta tsofaffin direbobi, a tsuke ƙofar don mota ta rage sha. A fili za ta lallaɓa, amma a tudu ba za ta samu abin da za ta hau da shi ba, ga zafi yana cin injin a hankali. Ya fara dariya yana cewa ashe Baba ya mayar da mu 'yan makaranta, kafin a kawo ta ya zare, in an mayar ya sa. Da ya dubi fuskata sai ya bari.

Raina ya ɓaci sosai. Na tuna tankin da muka sauke, da zuwa Kano a ɓoye, da duk ƙaryar da na yi wa Yaya, da fetur ɗin da na tsotsa. Baba yana kallona ina wannan wahalar, yana sa mini albarka. Na kwana da fushin, na wuni da shi, sai bayan la'asar na iya zuwa wurin Baba.

Yana zaune a zaure a kan tabarma, ya ɗan warware. Na gaishe shi, na durƙusa na ajiye silin wayar a gabansa.

"Baba, ga abin da aka samu."

Ya dube shi. "Ai na ce a bar ta ta huce."

"Baba, da kun faɗa mini. Mai ne fa kawai. Ni da Yaya za mu dinga cika muku duk mako, ba wani abu ba ne."

"Na san za ku cika." Ya ɗauki silin yana juya shi. "Kun ɗauke mini hatsi, na gode. Kun ɗauke magani, na gode. Amma ranar da ka fara zuba mini mai, ranar za ka fara tambayata ina za ni, me ya tsayar da ni. Ba mugunta ba ce, haka abin yake. Na yi shekaru ma'aikata tana zuba mini, ko gaisuwa na ratse sai na yi bayani. Wannan da fanshona nake zuba mata, abin da ya samu shi take sha."

Na ce masa abin da bakanike ya ce, injin ya kusa ƙonewa, kuma jiya da ɗan acaban nan bai tsaya ba Allah kaɗai ya san yadda za ta kasance. Na roƙe shi ya yi mini alkawarin ba zai sake sa wayar ba. Bai yi alkawari ba. Ya ce Juma'a in zo mu tafi tare ya ji ta.

Juma'ar shi ya tuƙa, ya zuba man da ya saba zubawa, ya hana ni sa hannu a aljihu. An yi yayyafin farko a makon, ƙasa ta yi duhu, manoma sun fara fitowa da sungumi. Da muka zo tudun, motar ta haye shi a giya ta uku tana gurnani mai daɗi. Na yi hamdala da ƙarfi. Na waiwaya in ga farin cikinsa, sai na ga ba titi yake kallo ba, allurar mai yake kallo. Haka ya yi ta satar kallonta har ƙauyen. Gwaggo ta ce ai ta san turarenta ba ya ƙarya, Baba ya ce mata ƙwarai kuwa. A hanyar dawowa ma allurar yake kallo. Muna shigowa Kazaure allurar ta kwanta, man da a da yake kai shi ya dawo da shi har ya yi saura na yawon cikin gari, yau ya ƙare.

Ya tsayar da ita a ƙofar gida ya kashe. Bai fita ba, ya zauna hannunsa a kan sitiyari. Sannan ya zare makullin ya miƙo mini.

"Ka kira yayanka ka ce masa ta sake mutuwa a hanya."

"Baba, ai ba ta mutu ba. Yau ne ma ta fi kowace rana lafiya."

"Na sani. Haka za ka faɗa masa."

Na gane. Gara a ce motar ce ta gaza, da a ce shi ne ya kasa ci da ita. Na kira Yaya a gabansa na faɗa yadda ya ce. Yaya ya ce ai dama ya faɗa mini motar nan ta gama yayi, na ce haka ne. Na yi watanni ina ɓoye mutuwarta, ranar da ta warke kuma na ce ta mutu. Ban ji sauƙin da na zata zan ji ba.

Juma'a ta gaba na zo da babur ɗina bayan an sauko. Ya fito da ƙullin goro da sabulu a leda, ya tattare babbar rigarsa ya hau bayana da ƙyar. Ina da taron iyayen yara a makaranta da yamma, hankalina yana can. Ina taka kik na ji bakina yana cewa, "Baba, ba za mu daɗe ba ko? Da ƙarfe nawa za mu dawo?"

Ya gyara ledar a cinyarsa, ya dafa kafaɗata.

"Duk lokacin da ka ce."