Man shanun da na'ura ta jiyo

'Yata tana da shekara uku jijjiga ta fara kama ta. Muna zaune a Fatakwal, babanta yana fawa a Trans-Amadi. Hoton farko ya nuna ɗan tabo a ƙwaƙwalwarta. Likita ta ce sai an sake sa ta a na'urar nan mai kama da rami, a ji abin da ke cikin tabon. In ƙari ne, sai aiki.

Da safen ranar gwaggon babanta ta shafe mata kai da man shanu har cikin kitso, wai yana sanyaya kai, kuma ba a kai yaro gaban likita a bushe. A asibiti an hana mu ɗan kunne da kwalli. Ba wanda ya ambaci mai.

Aka yi mata allurar barci. Na tsaya bayan gilashi, na'ura tana bugu kamar ana saran ƙashi. Abin da ya fito ba hoto ba ne, layi ne mai tuddai. Mai aikin na'urar ya daɗe yana kallon wani tudu da ya fi sauran, ya kira likita, suka rage murya. Ta ce min kitse ne, kuma kitse a cikin tabo ba alama ce mai daɗi ba.

Da aka fito da ita, mai aikin ya ga matashin kai ya yi maiƙo. Ya shafa, ya shinshina yatsa.

"Madam, wetin you rub for her head?"

Na gaya masa man shanu ne aka shafa mata a kai. Ya ce kowa yana da kitse ƙarƙashin fatar kai, muryar kitsen a na'ura ta fi ta ƙwaƙwalwa ƙarfi, shi ya sa suke zana shinge a gefe-gefe su danne shi. Tabon yana kusa da fata, mu kuma mun ƙara namu. Bai ce man ne ba. Ya ce sai an sake.

A kwanakin jiran gwaggo ko ido ba ta haɗawa da ni. Ranar komawa na tsefe kitson, na wanke kan da sabulu har yarinya ta yi kuka. Babanta ya miƙo hannu zai ɗauke ta, na ce ya bari, hannunsa na maiƙon nama.

Wannan karon tudun ya kwanta. Da kaina na gani kafin a gaya min.

"Ba aiki," in ji likita. "Magani, sai ku riƙa kawo ta."

A keke gashinta ya tashi tsaye, busasshe kamar soso. Gwaggo ta kai hannu jaka inda gwangwanin man shanun yake, ta dube ni, ta fito da hannun ba komai.